Mai Aski da Ƙwaƙwalwar Ƙanensa

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Mai Aski ya san hannunsa. Hannu ne mai sanyi, ba ya gaggawa, yakan tallafi ƙeyar mutum ya juya ta yadda yake so ba tare da ya ce uffan ba. Shagon nasa ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layin masu gyaran fanka. Akwai madubi mai tabon tsatsa a kusurwa, da benci da ya sha zama har ya yi santsi, da rediyon da sai an mare shi yake magana. A nan ubansa ya yi aski, a nan shi ma ya tsufa. Yanzu gwiwoyi sun fara ƙin tsayuwa, har ya sa kafinta ya yi masa doguwar kujera yana ɗosana jiki a kai yana aiki. Samari duk sun koma sababbin shaguna masu kiɗa da fitilu. Waɗanda suka rage masa tsofaffi ne irinsa, masu sanƙo, waɗanda hirarsu ta fi askinsu tsawo.

In kana son ka ga ya ɗaure fuska, tambaye shi labarin ƙanensa. Kuma kowa sai ya tambaya, mutane ba sa gajiya.

Ƙanen nan shi ne wanda duniya ta sani da Farfesa, mutumin da aka ce ya warware wani lissafi da ya gagari masana shekara da shekaru. Mai Aski bai taɓa gane ko wane irin lissafi ne ba, bai kuma taɓa yin ƙaryar ya gane ba. Shi dai Auta ya sani, mai ƙaton kai da siririn wuya, wanda tun yana ƙarami yake zama a ƙarƙashin madubi yana zana lambobi da yatsa a cikin gashin da aka share. Da ubansu ya rasu, babba ya bar makaranta ya ɗauki almakashi, ƙarami ya ci gaba da karatu. Ba wanda ya zauna ya yanke haka, abin ne kawai ya zo a haka. Ranar da uwarsu ta ga tafiya ta zo, ta kama hannun babban ta ce, “Auta ko inda ya ajiye takalminsa ba ya sani. Kada ka sake shi.”

Bai kuwa sake shi ba. Auta ya zaga ƙasashe, ya sha tafi, an rataya masa lambobin yabo, amma bai yarda wani mahaluki ya taɓa masa kai ba. Sai ya dawo daga tafiya da suma buzu-buzu, ya wuce gidansa ya zarce shago, ya zube a kujera ya ce, “Yaya, rage min kaya.” Kafin a gama gefe ɗaya ya yi barci. Mai Aski yakan riƙe kan a tafin hannunsa yana aiki a hankali, yana mita ƙasa-ƙasa cewa mutum da girmansa ya rasa wurin barci sai shagon mutane.

Wata rana Auta ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo, da alli a hannunsa. Bai yi kwanaki a asibiti ba ya cika. Da aka kawo gawar gida, Mai Aski ya ce shi zai yi wa ƙanensa wanka. Ya sa hannu a ƙarƙashin ƙeya, ya ɗaga da ƙarfin da ya saba ɗaga kan nan tun suna yara, sai kan ya taso masa da sauri, sakayau, har ya kusa suɓuce masa. Gabansa ya faɗi. Ya shafa cikin furfurar, yatsunsa suka ci karo da ɗinki, tun daga bayan wannan kunne, ta tsakar ka, har bayan wancan. An buɗe kan, an cire ƙwaƙwalwar, an cusa auduga an ɗinke.

Sai bayan an binne ya ji yadda aka yi. Babban Likitan asibitin, wanda abokin Auta ne, shi ya kira ɗan marigayin da ke aiki a wata ƙasa mai nisa. Ya ce masa irin wannan kai ba a samunsa kullum, duniya na bukatar ta san abin da ke ciki. Ɗan yana cikin kuka ya ce to. Shi ke nan fa. In akwai ɗa, doka ba ta tambayar ɗan'uwa, ko da shi ya goya marigayin.

“Wata kaɗan ne, Yaya,” in ji Babban Likita. “Muna gamawa za mu mayar muku ku binne.”

Wata kaɗan ɗin nan shi ya zama shekaru. Duk ranar da ba ya buɗe shago, Mai Aski yakan sa rigarsa mai kyau, ya hau bas, ya sauka ya canja wata, ya je wani tsohon gini da ke bayan asibitin. Akwai benci a baranda, akwai wani wari mai yaji da ke sa ido ruwa. Nan yake zama har a ce masa Babban Likita ya shiga taro, ko ya yi tafiya, ko kuma mutumin ya fito da kansa yana murmushi ya ce ana kan aiki. Bai taɓa ɗaga murya ba. Abu ɗaya yake so, a ba shi abin da aka cire daga kan ƙanensa ya kai kabarin ya haɗa, tun ƙafafunsa na iya hawa bas. Ana cikin haka Babban Likitan shi ma ya rasu. Mai Aski ya je gaisuwa, kuma, Allah ya yafe masa, sai da ya tambaya. Aka ce a'a, shi kam da kansa cikakke aka binne shi.

Wadda ta gaji ɗakin binciken nasa wata likita ce da ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, siririya, mai tabarau, kullum idonta kamar ba ta yi barci ba. Ita ce ta fara tsayawa a gaban bencin ta gaishe shi. Da ta ji ko shi wane ne da abin da ke kawo shi, sai ta ce, “Baba, an taɓa nuna maka?”

Ba a taɓa ba. Shi a zuciyarsa abin na nan ɗungurungum a cikin wata babbar kwalba, ɗauka kawai za a yi a miƙo masa. Da ta buɗe kabad ɗin sai ya ga kwalabe jere, kowace da gunduwa-gunduwa a cikin ruwan magani. Ta jawo aljihun tebur, ga ƙananan gilasai a jere kamar reza a cikin kwalinta, kowane da ɗan tabo mai launi a tsakiya. Ta ce haka aikin yake, sai an yanka siriri, ya fi fatar albasa, kafin a iya dubawa a madubin likita mai ƙara girman abu. Wasu ma an aika wa masana a wasu ƙasashe.

“A gidan waya?” in ji shi.

“A gidan waya, Baba.”

Ya nemi wuri ya zauna. Auta da ko rigarsa ba ya iya ninkewa, ga shi an rarraba shi a duniya ba mai kula masa.

Likita ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce Babban Likita ya gano wani abu a gefen hagu, sama da kunne kaɗan. Akwai wani ninki a ƙwaƙwalwa wanda a yawancin mutane yakan rabu biyu, amma a ta Farfesa ya tafi a haɗe. Ya rubuta cewa wataƙila nan baiwar take, kuma a kan wannan maganar ya ƙare rayuwarsa. Sai dai kai ɗaya ba ya zama hujja. A ƙa'idar aikinsu dole a gwada da wani, kuma wanda ya fi dacewa shi ne wanda suka fito ciki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya, amma shi…

Ta tsaya tana gyara tabarau.

“Amma shi daƙiƙi,” in ji Mai Aski.

“Haba Baba, ban ce haka ba.”

“Na taya ki ne, 'yata. Ci gaba.”

Ta ce yanzu akwai na'urar da ke ɗaukar hoton cikin kai mutum na raye, ba yanka ba allura. In aka duba nasa aka ga ba shi da wannan ninkin, maganar Babban Likita ta samu ƙafar tsayawa, a rufe binciken, ita kuma ta rubuta wa manyanta su saki komai. Bai ma bari ta kai ƙarshe ba ya ce yaushe.

Babbar 'yarsa, wadda ke kula da shi tun rasuwar uwarta, ta ce sam ba ta yarda ba. “Sun cinye na Baba Ƙarami, yanzu kuma naka suke leƙe? Wallahi Baba kana da sanyin hali.” Ya ce hoto ne kawai. Ta ce shi ma wancan ai wata kaɗan aka ce. Duk da haka ita ta goge masa riga ta raka shi bakin titi tana faɗa. A cikin bas ya kama kansa yana roƙon abin da bai taɓa jin wani ya roƙa ba, Allah ya sa a duba a tarar kansa irin na kowa ne, babu komai a ciki sai abin da aski ke bukata.

Aka sa ya cire agogo, da makullin shago, da ɗan almakashin da ba ya rabuwa da aljihunsa. Aka kwantar da shi a wani siririn gado. Wani ma'aikaci ya kama masa kai zai daidaita, ya danna masa kunne ya murɗa wuya kamar mai juya tukunya. Mai Aski ya ce a ransa, wannan da a shagona yake da tuni na kore shi. Gadon ya zarce da shi cikin rami, na'urar ta kama ƙara kamar maƙera sun haɗu a kansa da guduma. An ce kada ya motsa, bai kuwa motsa ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa “tsaya cik” ai ba za a koya masa wannan ba.

Da ya koma karɓar sakamako, tun daga baranda ya ga murna a fuskar Likita. Ta kafa hotuna biyu a jikin wani gilashi mai haske, ta nuna da biro.

“Ka gani, Baba? Ga na Farfesa, ga naka. Iri ɗaya ne sak. Kai ma kana da shi.”

Ya duba. Shi dai ya ga abu kamar cikin gyaɗa da aka fasa.

“To ma'ana?”

“Ko dai ninkin ba ya nufin komai, gadon gida ne kawai kamar hanci, Babban Likita ya yi wahalar banza. Ko kuma yana nufin wani abu, kai ma da an bar ka a makaranta…”

Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Kada wani ya ce ya ji daɗi, bai ji ba. Bai kuma ji haushi ba. Gajiya ce ta sauko masa tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda yake ji in ya wuni a tsaye. Mutum ya kusa kabari sannan a zo a ce masa wataƙila da ya zama wani abu, me zai yi da wannan labari? A ina zai ajiye shi?

“Yaushe zan zo da kwali in kwashi na Auta?” ya ce.

Nan murnar Likita ta mutu. Ta zauna ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ta riga ta kai wa manyanta, sun ce yanzu ne ma binciken ya buɗe, ba za a saki ko gilashi ɗaya ba. Sannan sun ce ta tambaye shi wani abu, ita kuwa kunyar faɗa take ji. Hoto ba ya nuna abin da yanka ke nunawa. In Allah ya yi masa tsawon rai, bayan nan, in ya amince…

Mai Aski ya yi dariya har da tari. Ya zo karɓar ɗaya, ana neman ya bar biyu. Ya ɗauki hularsa ya ce a gaida manyan.

Ba a kwana biyu ba labari ya cika layin masu gyaran fanka, don 'yarsa ta faɗa wa maƙwabciya cikin fushi. Tsofaffin benci suka samu abin yi. Wannan ya ce, “Farfesa, a rage min gefe,” wancan ya ce ashe shekara da shekaru masani ke taɓa musu sanƙo ba su sani ba. Yakan ce musu su yi shiru ko ya yanke kunnen mutum. Amma in shago ya watse yakan zauna ya yi tagumi. Gwiwar hagu ta kumbura, hawa bas ya zama sai an ja shi. Ɗan Auta in aka kira shi a kan maganar sai ya ce, “Baba, don Allah a bar tone-tone,” kuma Mai Aski bai ga laifinsa ba. Ya san ranar da ya kwanta, ba wanda zai sake zama a bencin barandar nan. Kwalaben za su yi ta zama har wani ya zo share ɗaki.

Kuma yana tsoro, ba ya musu. In ya tuna ɗinkin da yatsunsa suka taɓa, sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Shi mutum ne da ko cire haƙori bai taɓa yarda an yi masa ba. Ya daɗe yana juya abin, yana aski yana juyawa, har wata safiya ya sa rigarsa mai kyau ba tare da ya gaya wa 'yarsa inda za shi ba.

“Ki ba ni na Auta yanzu,” ya ce wa Likita tun kafin ya zauna. “In na mutu ku ɗauki nawa.”

“Baba, ba a ciniki da wannan. Ƙa'ida ta hana. Dole ya zama mutum ya bayar don ransa ya so, ba don an riƙe masa wani abu ba.”

“To ba ciniki ba ne. Ki ba ni nawa, in ba ki naki.”

“Ai shi ne cinikin.”

“Ke kika faɗa. Ni kyauta na ce.”

Ta san gaskiya, shi ma ya san ta sani. Can ta ce an riga an ɗauki hoton kowane gilashi na Farfesa filla-filla, za ta iya tsayawa a gaban manyan ta ce hotunan sun isa. Za su yarda in sun ji akwai wani na tafe. Ta faɗi haka tana kawar da kai, kamar mai haɗiye magani. Ta ɗauko takardar amincewa, ya sa hannu inda ta nuna. Da ya miƙe zai fita, ta biyo shi har baranda ta rage murya.

“Baba, ka sani kana da ikon janyewa ko yaushe. Ko washegarin ranar da ka binne. Ba wanda zai ce maka don me, ni ma ba zan ce ba.”

Ya gane abin da take ba shi, ya kuma ji daɗinta har cikin ransa. Amma ya girgiza kai.

“'Yata, ni ban taɓa tayar da mutum daga kujera da rabin aski ba.”

Sai da damina ta wuce aka kira shi. Kwali ne irin na sabulu, an naɗe da igiya. Likita ta ce ba duka ba ne, waɗanda aka aika waje wasu sun dawo, wasu wuraren ko amsa ba su ba ta ba. Ya ce ya sani, tun kafin ta faɗa hannunsa ya gaya masa. A cikin bas ya ɗora kwalin a cinya. Duk ramin da mota ta faɗa sai gilasan su yi ƙara a ciki, sai ya zura tafin hannu a ƙarƙashi ya tallafe, yadda ya saba. Wata mata da ke kusa ta tambaya ko kofuna ne, ya ce a'a, kayan ƙanensa ne.

Mai haƙan kabari ya buɗe ɗan rami ta wajen kai, bai yi tambaya ba. Mai Aski ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya sa kwalin da hannunsa ya mayar da ƙasa. Ya yi addu'a. Ya so ya yi doguwar magana, amma abin da ya fito kaɗan ne.

“Auta, ga kayanka. Saura sun ɓace a hanya, ka yi haƙuri.”

Sai da mai haƙan ya kama shi sannan ya iya miƙewa.

Da yamma bai buɗe wa kowa shago ba. 'Yarsa ta same shi zaune a kujerar da yake zaunar da masu zuwa aski, yana kallon madubi. Ita ke yi masa aski tun da kafaɗarsa ta daina ɗaguwa, a shagon ta koya tana yarinya. Ta ga ƙasa a gwiwar wandonsa ta gane inda ya je, har ta fara hamdala. Ta yafa masa ƙyalle, ta kunna injin aski, tana cewa ashe dai mutanen nan suna da sauran imani, yaya aka yi suka saki?

Ya kama yatsanta ya ɗora a bayan kunnensa na dama, ya ja shi a hankali ta tsakar ka har bayan na hagu.

“Nan za su bi,” ya ce.

Injin na ta kuka a ɗaya hannunta. Ta kalle shi ta cikin madubi, bakinta a buɗe.

“Ba yau ba ne, kwantar da hankalinki. Amma ranar, duk wanda zai yi min wanka, ki aika a gaya masa tun kafin ya shiga. Ya ɗaga kan a hankali, ba zai yi nauyi ba. Kada ya tsorata.”

Ya sunkuyar da kai ya ba ta ƙeya, ya ce ta fara ta hagu.